Ranar da na'urata ta ce shida tana raba goma ba saura

Har yau ina jin haushin kaina idan na tuna cewa na'urar DFA (na'urar lissafi ta ka'ida da ke karanta alamomi ɗaya bayan ɗaya tana sauya matsayi, a ƙarshe ta karɓi jerin ko ta ƙi shi) da na rage wa matsayai ta karɓi 1010, wato goma a tsarin rubuta lamba da 0 da 1 kaɗai, tana cewa shida ta raba ta ba saura. Aikin da na ɗauka ba mai wuya ba ne: na'ura mai karanta 0 da 1, mai matsayi shida daga 0 zuwa 5, kowanne yana riƙe da saurar rabawa da shida, kuma 0 kaɗai ke karɓa. Kibiya ita ce ke nuna matsayin da za a koma bayan karanta alama: a ninka matsayin da ake ciki sau biyu, a ƙara alamar, a ɗauki saurar rabawa da shida.

Don rage matsayan, na bi hanyar Moore ta 1956, wadda ke raba su rukuni-rukuni ana ta tsagawa har sai babu rukunin da zai ƙara tsagewa. Na ware 0 gefe guda, sauran biyar gefe guda, sannan na lura cewa 3 ce kaɗai ke faɗawa 0 idan ta karanta alamar 0, na cire ta. A nan na tsaya, ina murnar shida ta koma uku, na haɗe 1, 2, 4 da 5 na ba su kibiyoyin 1. Ban sake zagayowa ba, alhali cire 3 ɗin nan ya riga ya sauya rukunan da kibiyoyin sauran ke nunawa.

Kwana biyu na yi ina zargin shirin kwamfutar da na rubuta kafin na ɗauki biro na bi 1010 da hannu. Daga matsayi 1, jerin 10 yana bi ta 3 ya ƙare a 0. Daga 2 kuwa yana bi ta 5 ya ƙare a 4. Alama ɗaya ba ta bambanta su, sai biyu, ni kuwa alama ɗaya na duba. Abin da ka'idar Myhill da Nerode ke faɗi ke nan, kuma na haddace ta tun tuni: matsayi biyu ba sa zama ɗaya sai idan babu wani jeri, komai tsawonsa, da zai kai ɗaya ga karɓa ya bar ɗayan.

Amsar gaskiya matsayi huɗu ne: 0, sai 3, sai 1 da 4, sai 2 da 5. Yanzu ba na ajiye biro sai na yi cikakken zagaye wanda babu rukunin da ya tsage a cikinsa, kuma kafin in haɗe kowane rukuni sai na tabbatar kibiyoyin 'ya'yansa duka rukuni ɗaya suke nufa. Da na yi wannan duban a ranar, da 1 da 2 sun tona kansu nan take.