Abin da jerin kocin Saint John's ke koya wa matashin da aka ba ƙaramar ƙungiya

Duk matashin da aka damƙa wa ƙaramar ƙungiyar wasa, ko a matsayin koci ko ɗan kwamiti, ina ba shi shawara ya karanta tarihin masu horar da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Saint John's kafin ya fara kwaikwayon manyan kulob da yake gani a talabijin. Ƙaramar makaranta ce ta limaman Katolika a Collegeville, cikin jihar Minnesota, kuma ƙungiyarta tana buga wasa a rukuni na uku na gasar jami'o'in Amurka, inda doka ta hana a ba ɗalibi tallafin karatu saboda ya iya ƙwallo. Wasan ba irin ƙwallon ƙafar da muka saba ba ne, ana riƙe ƙwallon da hannu ne, ana kokawa ana ka da juna, amma matsalar kocin ƙaramar ƙungiya iri ɗaya ce a ko'ina: yara kaɗan, kuɗi kaɗan, ga masu sa ido da yawa.

Jerin sunayen kocin makarantar daga 1950 zuwa yau gajere ne ƙwarai. Daga 1950 zuwa 1952 Johnny McNally ne ya riƙe ƙungiyar, tsohon tauraron ƙungiyar ƙwararru ta Green Bay Packers wanda sunansa ya game ƙasar. A 1953 aka ɗauko wani matashi mai suna John Gagliardi daga Kwalejin Carroll ta jihar Montana, mutumin da bai buga wasan a matakin jami'a ba, wanda ya fara horarwa tun yana ɗan shekara 16 a makarantar sakandarensu ta garin Trinidad a Colorado, lokacin da aka kira kocinsu aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan matashin bai bar kujerar ba sai a 2012, bayan kakar wasa 60. Ya yi ritaya da nasara 489 idan aka haɗa da na Carroll, kuma har yau babu kocin ƙwallon jami'a a Amurka da ya kai wannan adadi.

Lokacin da na riƙe wata ƙungiyar matasa, kuskurena na farko shi ne na ɗauka cewa wahalar da yara ita ce horo. Ina sa su gudu a rana har sai wani ya yi amai, ina busa usur ina daka tsawa, domin haka na ga ana yi, kuma ina so iyaye su ga cewa da gaske nake. Ranar wasa kuwa sai in tarar gwanayena suna ɗingishi, wasu ma sun daina zuwa ba tare da sallama ba. Gagliardi ya bi akasin wannan hanya. Ya hana 'yan wasansa ka da juna a lokacin atisaye, abin da sauran masu horarwa suka ɗauka a matsayin ginshiƙin wasan. Ba ya amfani da usur, atisayensa ba ya wuce minti 90, kuma ya ce kada a kira shi koci, a kira shi John kawai. Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin sakaci, amma lissafi ne na mutumin da ya san abin da ke hannunsa. Babbar jami'a tana iya rasa ɗan wasa a atisaye ta maye gurbinsa da wani kamarsa, shi kuwa kocin ƙaramar makaranta, idan gwaninsa ya karye ranar Talata, ba shi da na biyu ranar Asabar. Ban da haka, yaransa ɗalibai ne da ba a biyansu, kuma wanda ba a biya ba, ba ya zama inda ake wulaƙanta shi.

Kuskure na biyu na yi shi ne bayan na koma kwamiti, kuma ya fi na farko muni. Duk kakar da ba mu ɗauki kofi ba, ni ne kan gaba wajen cewa a sallami koci. Kowane sabon koci ya zo da tsarinsa, yara su fara koyo daga tushe, kafin su gane sai mu sake kawo wani. Ku duba shekarun da Saint John's ta ci kofin ƙasa a ƙarƙashin Gagliardi: 1963, 1965, 1976 da 2003. Tsakanin na uku da na huɗu akwai shekara 27. Da irin kwamitinmu ne ke makarantar, da an kore shi tun kafin 1980, da kuma ba a ga kakar 2003 ba, wadda a cikinta ya wuce tarihin nasara 408 na Eddie Robinson, kocin Jami'ar Grambling, sannan ya doke Mount Union da ci 24 da 6 a wasan ƙarshe, ƙungiyar da ta yi wasa 55 a jere ba a ci ta ba. Ita ma Mount Union, in an lura, koci ɗaya ne, Larry Kehres, ya riƙe ta daga 1986 zuwa 2012.

Ba ina cewa a bar koci ya dawwama ko da ba ya tsinana komai ba. An yi haƙuri da Gagliardi ne domin ƙungiyarsa tana cin mafi yawan wasanninta kusan kowace shekara, kuma tana yawan ɗaukar kofin yankinta ko da na ƙasa ya kuɓuce. Abin da ya kamata ɗan kwamiti ya tambaya a ƙarshen kaka shi ne ko yara sun ƙaru da ƙwarewa, ko nawa ne suka ji rauni, ko nawa ne suka dawo da kansu.

Da Gagliardi ya sauka, makarantar ba ta je neman babban suna a waje ba. Ta ba Gary Fasching, wanda ya yi wasa a ƙarƙashinsa kuma ya daɗe yana mataimakinsa, ya karɓi aikin a kakar 2013. Ni ban taɓa renon mataimaki ba, saboda ina tsoron kada ya ƙwace mini kujera, shi ya sa da na tashi babu wanda ya san tsarin da muke bi. Idan kana da babban ɗan wasa mai hankali da ƙafarsa ta fara gajiya, ka ja shi kusa tun wannan kaka, ka bar masa atisayen ƙananan yara, kuma ka riƙa zama da shi idan kana tsara waɗanda za su shiga fili.