Notis ɗin da na tura ta WhatsApp

Ranar Juma'a na miƙa makullan ofis, bayan shekara shida ina aikin kula da gidajen haya a Abuja. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar wani ɗan haya a Kubwa.

Mutumin na biyan haya shekara-shekara, don haka dokar karɓar gida ta Abuja ta ba shi notis na wata shida, in ya cika bai tashi ba a ƙara masa na kwana bakwai kafin a je kotu. Na buga takardar, na tashi zan kai masa hannu da hannu, sai oga ya ce, "Kai, wa zai ƙona mai har Kubwa? Tura masa ta WhatsApp." Na ce, "Yallaɓai, yarjejeniyarsa fa ta ce a miƙa masa ko a bari a gidan." Ya ce zamani ya wuce nan. Na tura. Alamar ta yi shuɗi, na ɗauki hoton allon wayar, na buga, na sa a fayil.

A kotu ɗan hayar ya ce bai ga komai ba, lambar ma yaransa ke riƙe da ita. Lauyansa ya nemi satifiket ɗin da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada don hujjar da ta fito daga na'ura: wanda zai bayyana takardar, yadda aka fitar da ita, na'urar da ta fito daga ciki, da sa hannun mai alhakin kula da na'urar. Ba mu da shi. Wayar da na tura saƙon da ita kuwa tuni na sayar. Lauyanmu ya janye ƙarar, muka sake lale da sabon notis. Mai gida ya yi asarar fiye da shekara, ya kwashe gidajensa uku daga hannunmu.

A taron Litinin oga ya ce sakacina ne, a gaban kowa, aka yanke mini rabin albashi. Ban buɗe baki ba, don umarnin da baki ya ba ni, ba ni da abin nunawa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi ɗaci.

Da aka gyara Dokar Shaida a 2023, sashe na 84A ya ce inda doka ta nemi abu a rubuce, na lantarki ya wadatar matuƙar ana iya buɗe shi a sake dubawa daga baya. Oga ya yi ta yawo da wannan yana cewa ashe shi ke da gaskiya. A ganina gyaran ya amsa tambaya ɗaya ce kawai, wato ko saƙon lantarki na iya tsayawa a matsayin rubutu. Ko ya isa ga mai shi ta hanyar da aka yi yarjejeniya, da kuma yadda za ka gamsar da alƙali, waɗannan suna nan a wuyanka.

Tun daga nan, duk yarjejeniyar da ta biyo ta teburina sai an rubuta imel da lambar wayar da ɗan haya ya yarda a aika masa notis, ya sa hannu a ƙasa. Duk da haka ina kai takarda da ƙafata, da shaida ɗaya. Umarnin baki kuwa nakan maimaita shi ta imel kafin in aiwatar. Notis ɗina bai sake faɗuwa a kotu ba. Yaron da zai gaje ni na bar masa fom ɗin satifiket a aljihun tebur na sama.