Kayan gida ba buhun albasa ba ne

Shekara shida na yi ina rubuta rasit a wata tashar motocin kaya a Jega. Garin mahaɗa ne: hanya ɗaya ta yi Birnin Kebbi, ɗaya ta bi ta Tambuwal zuwa Sakkwato, ɗaya ta gangara Koko da Yawuri har Kwantagora. Lodi ba ya yankewa, daga albasar Aliero sai shinkafa da gero. Jefi-jefi kuma sai ga ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, yana neman motar da za ta kwashe masa gida.

A shekarata ta biyu wani malamin makaranta da aka mayar Yawuri ya zo yana kukan kuɗin da direbobin layi suka yanka masa. Tausayi ya kama ni, na haɗa shi da wani mai motar Kanta da ya sauke kaya yake neman na komawa. Baƙo ne, ba ya cikin rajistarmu, amma ya yarda da kusan rabin kuɗin. Cikin watan Agusta ne. Ashe da ya fita gari sai ya tsaya ya ɗora buhunan wani ɗan kasuwa a kan kayan malamin, ruwa kuma ya tare su kafin Koko, ga tamfol ɗinsa duk huji. Katifa ta jiƙe, madubin sif ya tsage, akwatin da ke ɗauke da kwanonin jeren matarsa ya lotse. Kwanonin nan mahaifiyarta ce ta tara mata su tun tana ƙarama, kuma ta riga ta rasu. Malamin ya dawo bayan mako guda, bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi mini: ina zan sami direban? Lambar motar ma ban rubuta ba.

Ran nan wani dattijon direba ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗana, buhu in ya jiƙe akwai farashinsa a kasuwa, a biya a wuce wurin. Kayan ɗakin ɗiyar mutane fa, wa zai yi masa kuɗi?" Na ce, "Baba, sauƙi na nema masa." Ya ce in zauna in lissafa man zuwa da na dawowa, da ladan yaron mota da na 'yan dako, in gani ko kuɗin nan ya isa. Bai isa ba. Wanda ya karɓi abin da bai kai kuɗin mai ba, to a kan kayanka zai cike giɓin. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafin nan ya ƙara tsanani, musamman ga masu a-kori-kura.

Daga baya na lura da yadda shi Baba yake karɓar irin wannan aiki. Ba ya faɗin kuɗi a tasha. Sai ya hau mashin ya je gidan, ya ga gado nawa ne, akwai firij ko babu, mota za ta shiga lungun ko sai an yi dako. Yakan ce a kira kafinta ya kwance gado da sif tun jajibiri, a kashe firij ya tsane, a ɗora shi a tsaye. Abin fashewa a naɗe shi da zannuwa da barguna. Takardun makaranta da na fili da gwal ɗin mata kuwa ba ya yarda su hau bayan mota, sai dai mai su ya riƙe. Kuma ba ya barin 'yan dako su kutsa ɗakin matar aure: mata su ɗaure kayansu su fito da su tsakar gida tukuna. Wannan na ƙarshen ya fi komai burge ni, domin ranar ƙaura ce ranar da sirrin gida yake fitowa fili.

Yanzu ana ganin masu tallar kwasar kaya a Facebook da hotunan motoci masu ƙyalli. Akwai na kirki a cikinsu, amma abin da nake tambaya bai canza ba: ina ofishinsu, wa ya taɓa ba su aiki, in an yi ɓarna wa za a kama? Direban da ke ƙarƙashin ƙungiyar direbobi ta NURTW ko mai motar da ke cikin ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO yana da shugabannin da za a kai ƙararsa gare su, kuma yana jin kunyar a kira sunansa a gabansu.

Tun daga kan malamin nan ban sake barin motar ƙaura ta tashi ba sai na rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya a takarda biyu, da lambar mota da sunan direba. A ba da kuɗin mai, ragowar sai an sauke an ƙirga. Wani daga gidan ya zauna a gaba, a fita bayan asuba don a isa da rana, saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. Tamfol kuwa da hannuna nake warware shi, in ɗaga shi sama in duba ko haske na ratsowa.