Abin da na fita da shi daga shagon Oga

Ƙarshen watan nan zan miƙa mabuɗi, don haka ga ɗan abin da zan bar wa ƙannena da suka shigo aikin zane a bayana. Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta a shagunan buga takardu na Jos ya san yanayin: kwastoma na tsaye a kanka, janareto na shan mai, Oga na cewa "ɗauko a Google mana". Wannan magana ita ta cinye min rabin albashi.

Kalandar wata ƙungiya aka kawo, suna son hoton hawan Sallah a sama. Oga da kansa ya turo min hoton ta WhatsApp: barde a kan doki, lifidi ja, ƙura ta tashi a baya, hoto mai kyau ƙwarai. A kusurwar ƙasa akwai sunan wanda ya ɗauka da ƙananan haruffa. Na ce, "Oga, wannan fa da mai shi." Ya ce, "Kai malam, abin da ke intanet na kowa ne, goge sunan mu wuce wurin." Aka buga, aka raba. Kalanda ta yi tafiya har Zariya, mai hoton ya gan ta rataye a wani shago, ya jera ta da asalin hotonsa a Facebook, lauyansa ya biyo baya. A gaban shugaban ƙungiyar Oga ya girgiza kai ya ce yaran zamani sai haƙuri, shi bai ma ga hoton ba sai da aka buga. Saƙonsa na nan cikin wayata a lokacin. Ban fito da shi ba, saboda kawuna ne ya kai ni wurinsa, kuma ba na so a ce ɗan wane ya tona asirin ubangidansa.

Abin da ya fi ƙona min rai, na halal ɗin ma kyauta ne. Shafin hotuna na Wikimedia Commons na da hotunan hawan Kano da Zariya da Katsina, sai dai kowanne da sharaɗinsa a ƙasa. In ka ga CC BY, ka yi amfani da shi har a kasuwanci, amma ka rubuta sunan mai shi da lasisin. In da SA a haɗe, abin da ka sarrafa daga hoton shi ma sai ka sake shi a kan wannan lasisi. A wasu shafuka irin su Flickr za ka tarar da NC, wannan ba na aikin kuɗi ba ne, kalanda ko fosta ta sayarwa ba ta shiga. CC0 kuwa mai shi ya yafe gaba ɗaya. Haka gidan tarihin Metropolitan na New York ya yi da dubban ɗaruruwan hotunansa a 2017, Smithsonian ya bi sahu a 2020. Da hoton CC BY muka ɗauko, layi ɗaya na suna da lasisi a gindin kalanda da ya raba mu da lauya. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shafi abin da ke intanet ma, ko Oga ya sani ko bai sani ba.

Sauran a taƙaice. Manhajar zane ta CorelDRAW ta sata da ake lodawa daga filashin wani takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta. Inkscape zai yi maka tambari, Krita zane da hannu, Photopea kuma ya buɗe fayil ɗin Photoshop a burauza ba tare da ka sauke komai ba. Kafin ka zaɓi samfurin haruffa, gwada ɓ da ɗ da ƙ a ciki. Noto da Andika da Charis SIL suna da su, kuma kyauta ne, ba sai ka zauna kana lanƙwasa wa kowane "k" ƙugiya da hannu ba.

Shafukan hotuna kyauta irin su Unsplash da Pexels na da kyau, amma ka nemi yadda babbar riga ke naɗewa a kafaɗa ko ɗaurin kallabin mata ka ga ko za su ƙosar da kai. Irin wannan, wayarka da kasuwar Terminus sun fi su, in ka nemi izinin mutum. Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da kawunan Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na mutanen da, kusa da shi kuma ga kwafin ganuwar Kano da masallacin Zariya. Ban ga shafin da ya nuna min yadda rana ke faɗa wa ginin ƙasa kamar tsayuwa a wurin ba.

Wanda zai gaji kujerata, duk hoton da Oga ya turo maka, ka tambaye shi inda ya samo a rubuce, ka adana amsar. Rabin albashin nan har yau bai dawo ba, kuma kawuna ya riga ya ji yadda aka yi.