Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gasayar Goggo

A makon jiya na tsaya ne a inda muka tare a gidan da maigidana ya gina a bayan garin Kano, bayan dogon zaman haya. Gidan ba shi da girma, amma an bar ɗan fili tsakanin madafi da katanga inda rana take duka tun hantsi har la'asar, kuma tun ranar da na gan shi na ƙudurta a raina cewa gasaya zan shuka a wurin.

Na san da yawa daga cikin 'yan birni ba su taɓa ganin gasaya ba. Tsiro ce da take fitowa da kanta da damina a gefen garke da bakin juji, duk inda taki ya kwanta. Ganyenta a rabe yake gida uku ko biyar kamar yatsun hannu, furenta fari ne mai dogayen zare, kuma tana da ɗaci da ƙamshi mai ƙarfi. A ƙauyenmu da ke ƙasar Daura, ita take rufa asirin gidaje a watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gero bai nuna ba. Manyanmu har gobe suna tuna yadda ita da tafasa suka riƙe mutane lokacin fari na 1984.

Na nemi irinta a kasuwa ban samu ba, ga na alayyafo da latas da kabeji birjik. Sai da na je gida ganin dangi, Goggo, ƙanwar mahaifina, ta kwance wani ƙullin ƙyalle ta zuba mini 'yan ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe a tafin hannu. Ta ce, "Ungo, 'yata, wannan na bara ne. Sabon iri barci yake yi, sai ya kwana watanni a ajiye kafin ya tsiro da kyau." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Goggo, zan riƙe amana."

Yadda ta koya mini haka na yi. Na kafce ƙasar, na cakuɗa ta da ruɓaɓɓen kashin awaki, na gauraya irin da yashi domin kada ya taru wuri guda, sannan na watsa shi sama-sama ba tare da na binne da zurfi ba. Gasaya ba ta son dashe, saboda saiwarta guda ce mai nutsawa ƙasa, da an tumɓuke ta sai ta yi yaushi, don haka inda aka shuka ta nan ake barin ta. Idan tsiron ya yi cunkoso a rage shi, abin da aka cire kuwa shi ne miyar farko. Cikin mako huɗu zuwa shida ake fara tsinka, kuma babban sirrin shi ne a riƙa cire kan tsiron da furen da zarar ya leƙo, domin idan aka bar ta ta yi fure da wuri sai ta daina ba da ganye. Ƙwari kuma toka nake barbaɗa musu da sassafe, kafin raɓa ta bushe.

Wasu maƙwabta sun ce me zan yi da abincin talakan ƙauye a birni, kuma maganar ta sosa mini rai. Ganyen nan yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, kuma a Kenya har a manyan kantunan Nairobi ake sayar da shi. Ban ga dalilin da zai sa mu raina abin da ya raini iyayenmu ba.

Ranar da na fara kwaɗa ta, na tafasa ganyen na zubar da ruwan farko don ɗacin ya ragu, na matse, na haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da gishiri. Na kai wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ci ta ce, "Yarinya, ina kika samo wannan? Rabona da ita tun ina amarya."

Da kaka ta yi na bar 'yan tsirrai suka yi kwanso, na tsinke su da sun yi rawaya tun kafin su fashe su zubar, na shanya a inuwa na ƙulle. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda matan unguwa suka fara sallama suna neman irin.