Gidana yana cikin wayoyin mutanen da ban sani ba

Turaren wuta da humra nake sayarwa daga gida a Kubwa, kuma kusan duk cinikina a WhatsApp da Instagram yake. A farkon 2024, lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Bwari, wanda mu ma a ƙarƙashinsa muke, na zauna na bi wayata lungu da saƙo. Na hana kyamara haɗa hoto da wurin da aka ɗauke shi, na taƙaita masu ganin status ɗina, na daina saka hoton yara da kayan makaranta a jikinsu. Wannan duka bai ba ni wahala ba, har na ji hankalina ya kwanta.

Ashe ta wajen masu dilibari ɓarakar za ta fito.

Wata Asabar bayan la'asar mai gadi ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce, "Hajiya, ga wani baƙo yana neman mai turare." Maigida ya yi tafiya, daga ni sai yara sai ƙanwata. Na leƙa ta taga, namiji ne a mota, ban taɓa ganinsa ba. Na ce a tambaye shi wa ya yi masa kwatance. Sai ya miƙo wayarsa, mai gadi ya kawo mini: ga taswira, ga jan ɗigo zaune daidai kan rufin gidanmu. Matarsa ce ta sayi humra, mai dilibari ya makara, suka yi sa-in-sa, mai dilibarin kuma ya ce to su je su karɓa da kansu, ya tura musu lokeshin ɗin da na ba shi. Bawan Allah bai zo da sharri ba, kayansa ya karɓa ya tafi. Amma daren nan ban runtsa ba.

Da gari ya waye na kira mai babur ɗin. Na ce, "Malam, da izinin wa ka ba wani gidana?" Ya ce, "Haba Hajiya, ai kowa haka yake yi." Har yau idan na tuna amsar nan raina ɓaci yake, domin gaskiya ya faɗa, kuma ko a jikinsa.

Lokeshin iri biyu ne a WhatsApp. Akwai mai rai, wanda ke bin motsinka, kai ne za ka zaɓa masa minti 15 ko awa 1 ko awa 8, lokaci na cika ya daina. Akwai kuma na tsaye, wanda mu 'yan kasuwa muka fi turawa saboda sauƙi. Shi wannan ba ya mutuwa. Saƙo ne kamar kowane saƙo, ana tura shi gaba, kuma ba wanda zai sanar da kai an tura. Tsaron da WhatsApp ke alfahari da shi yana kare saƙo ne a kan hanya. Da ya sauka a wayar mutum, amana ta koma hannunsa. Gogewar saƙo daga ɓangarori biyu ma kwana biyu kacal ake ba ka, kuma ba ta taɓa wanda aka riga aka tura gaba. Ku tuna kuma wayar mai dilibari yau tana hannunsa, gobe ya sayar, jibi 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, sun ƙwace ta, da gidajen mutane jere a ciki, kowanne da sunan matar gidan da lambarta.

A makon ne kuma na karɓi wayar ƙanwata na duba. Taswirar Snapchat ɗinta a buɗe take ga duk ƙawayenta, wasu ba ta taɓa haɗa ido da su ba, duk buɗe manhajar da za ta yi sai ta nuna inda take. Ta ce, "Yaya, wallahi ban san ana gani ba." Muka kunna Ghost Mode, wanda ke ɓoye inda mutum yake, a take. Ban ga laifinta sosai ba. A 2018 sojojin Amurka ma sun tona wuraren sansanoninsu a Afganistan da Siriya ta manhajar motsa jiki ta Strava, ballantana yarinyar da ke hira da ƙawaye.

Wata ƙawata ta ce ai akwai doka. Akwai kam, Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023. Tana da amfani a kan bankuna da kamfanoni, amma ba ita za ta ciro mini jan ɗigon nan daga wayar wani ba.

Yanzu babu mai dilibarin da ke zuwa ƙofar gidana. Akwai gidan mai a bakin titi, can nake aika yaro da kaya, sai ya isa sannan ya tura lokeshin mai rai na minti 15. Bidiyon talla a gaban farin labule nake ɗauka, babu get, babu tankin ruwa, babu hasumiyar masallacin unguwa a baya. Hoton biki sai mun dawo gida nake sakawa. Wasu kwastomomi sun ce na cika tsirfa, wasu sun koma wajen wata, na kuma haƙura. Shawarata ga 'yan'uwa mata masu sana'a a gida ita ce tun ranar farko ku nemi mahaɗa a waje, kar ku jira sai baƙo ya tsaya a ƙofa, don lokeshin da ya riga ya fita ba ya dawowa. Nawa yana nan a wayoyin da ba zan iya ƙirgawa ba, shi ya sa Maigida ya ja wa mai gadi kunne: duk wanda ya zo neman mai turare, a gaya masa ba a ciniki a gidan nan, ya kira a waya.