Kalmar "present" da tambayar 'yata

Jiya da daddare 'yata 'yar aji huɗu tana aikin gida a kan tabarma, sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, ya aka yi 'present' take nufin yanzu, kuma take nufin kyauta?"

Tambayar nan ta mai da ni firamare. Malam ya buɗe rajista, ya kira sunanka, ka miƙe zumbur ka ce "Present, sir!" Na daɗe ina ɗauka "na'am" kawai nake amsawa. Ashe "ga ni nan" nake cewa.

Asalin abin ke nan kuwa. Daga Latin kalmar ta fito, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, ma'anarta abin da ke gabanka. Lokacin da ke gabanka shi ne yanzu. Abin da aka kawo gabanka aka miƙa maka, kyauta ke nan. Wallahi na ji daɗin yadda idonta ya buɗe.

Na kuma ja kunnenta kan "presently". Mu nan "yanzu" muke nufi da ita, amma a Ingila sau da yawa "nan ba da jimawa ba" ake nufi. Ta rubuta a bayan littafinta da fensir.